Taƙaitawa: baƙin mai da filta na injin tsohuwar mota

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar muhawara kan irin baƙin mai da filtar da suka dace da injin tsohuwar mota.

1. Kusan baki ya zo ɗaya kan muhimmancin ZDDP, sinadarin da ake sawa a baƙin mai don rage cinyewar ƙarfe, mai ɗauke da zinki da fosforas. Kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji) a injinan da yana gogayya kai-tsaye da ƙarfe, in babu isasshen ZDDP sai ya cinye. An rage shi a yawancin man zamani, shi ya sa ake neman wanda aka rubuta na tsofaffin motoci ne a jikin galan. Ƙara shi da hannu kuwa, kaɗan ne suka yarda.

2. Kauri: masu injin da ya sha aiki sun fi son 20W-50, wanda ya fi kauri, masu wanda aka sabunta suka ce 10W-30 ya isa. A duba littafin motar.

3. Kan ya rabu a man sintetik, wato wanda aka haɗa ta hanyar kimiyya. Wasu sun ce da suka zuba, washegari suka tarar da ɗigo a ƙarƙashin mota. Wasu suka ce robar da ke hana mai yoyo ce dama ta mutu, datti ke toshe ta, sabon man ya wanke shi. Ni na fi karkata ga na biyun.

4. Filta: kada a saya don kawai ta ɗauru. A tabbatar tana da bawul mai hana mai komawa ƙasan inji in an kashe mota, musamman in a kwance take.

5. Juye sau ɗaya a shekara ko motar ba ta fita, kafin a ajiye ta.