Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, a nan ne wurin faɗinta?

Autan_Gida: Salam jama'a. Jiya wajen maganar gonar gado rigima ta kaure tsakanin baffanmu da babban wanmu. Yaya yace in aka yanka gonar nan kowa ya ja nasa babu wanda zai noma abin da zai kai shi wata damina, gara a bar ta a haɗe, sai baffa yace mu masu son a raba mun fi yawa, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin ya tsaya min a rai. Haka ake amfani da ita?

Mai_Garma: Ko kusa. Maganar aiki ce wannan. Zamanin da komai da hannu ake yi, gida mai ƙarti goma zai gama huɗa ya shiga noman farko, ƙato ɗaya komai ƙarfinsa yana can yana fama. Baffanka ya ɗauko maganar haɗuwa ya kafa hujjar rabuwa da ita.

Uwar_Biyu: Ni kam a wajen yaƙi da shari'a nake jin ta, wato masu rinjaye. Baffa bai yi kuskure ba.

Ɗan_Tireda: To ai masu maganar ne dai suka ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, wanne za mu kama?

Malamin_Tarihi: Gardamar nan ta daɗe wlh. A 1798 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Malthus, yace mutane na ninkuwa da saurin da abinci ba zai iya bi ba. Ku duba Ayilan, ƙidayar 1841 ta nuna sun haura miliyan 8, gonaki an yi ta yankawa ƴaƴa tsara bayan tsara har talaka ya koma dogaro da dankali kaɗai don shi ne zai ciyar da iyali a ɗan fili. Da cuta ta kama dankalin a 1845 kusan mutum miliyan 1 suka mutu, wasu kamar haka suka bar ƙasar. Amma a 1965 Ester Boserup ƴar Danmak tace a'a, matsin yawan ne ma ke tilasta manomi ya daina barin gona ta huta ya koyi taki da ban ruwa.

Jikar_Inna: Malam ka tuna min da kakata Allah ya jiƙanta. Tana ba mu labari cewa tana yarinya babanta in gona ta gaji barinta yake ta zama saura, ya je ya sare wani dajin, sai bayan shekaru a dawo mata ta yi ƙarfi, kuma a lokacin abin da ake nema mutane ne, fili ga shi nan har ya yi yawa, wanda ya haifi maza da yawa shi ne mai arziki. Kafin ta aurar da ƴarta ta fari daji ya ƙare, gona ta haɗe da gona, burtali ma an cinye shi saura ɗan siriri shanu na wucewa ana zage-zage. Itacen da suke tsinta a bayan gida ya koma sai an yi sammako a dawo da azahar. Abin da ya fi ƙona mata rai auduga ce, ita mai kaɗi ce, da zarenta take yi wa ƴaƴanta komai, rana ɗaya mijinta yace filin auduga hatsi za a sa don bakuna sun ƙaru, tace ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Daga nan mazan gidan suka fara fita da rani neman kuɗi, wasu ba su dawo ba. Amma kuma ita da bakinta tace ba ta taɓa ganin gona ta yi kyau kamar lokacin ba, saboda duk tokar murhu da kashin awaki da sharar gida sai an kwashe a mangala an kai, ciyawa ɗaya ba a bari, yara duk suna ciki.

Mai_Garma: Allah ya jiƙan Inna. Kin ga ai yawan ne ya kai takin.

Uwar_Biyu: Yawan ne kuma ya raba ta da audugarta, kar ka ɗauki rabi ka bar rabi.

Ɗan_Tireda: Masu yawan gaske ai sai lokacin zaɓe ake tunawa da su, a zo da buhun taki ɗaya a tara ƙauye guda a ɗauki hoto hhhh

Autan_Gida: Wlh kuwa, namu ma tun da ya hau ko lambarsa ba ta shiga.

Almajirin_Zaure: Ku dai yi hattara da zancen Baturen nan. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Malamin_Tarihi: Allah ya gafarta malam ba wanda ya musa, amma ai an ce a tashi a nema. Kuma akwai abin da ya faru a Ingila bayan annobar 1348, mutane suka ragu sosai, ƴan ƙwadago suka yi tsada har sai da aka yi doka a 1351 don hana lada tashi. Ka ga a can ƙarancin ne ya ba talaka baki.

Jikar_Inna: Mazarinta na nan wajen gwaggona har yanzu, babu wanda ya iya riƙe shi a gidan.

Uwar_Biyu: Yaya Jika don Allah akwai mai koyar da kaɗi yanzu? Ƴata ce ke so.

Autan_Gida: Jama'a ni fa ranar asabar za a sake zama, me zan ce wa baffa?

Mai_Garma: Ku nawa ne magadan tukuna, kuma gonar tudu ce ko fadama?