Neman shawara: Talata za a yi wa Baba aikin kaba, mun tsayar masa da ƙwayar ciwon gwiwa, jiki ya rikice

Autan Baba: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sani a taimaka min, kaina ya kulle. Mahaifinmu ne, ya haura shekara 65, muna wani ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu. Kaba gare shi tun ina firamare, amma da in ta fito sai ya kwanta ya danna ta da hannu ta koma. Bana tun da aka fara yankan riɗi ta fara gardama, shi kuma mutum ne da ba ya zama, ko an ɗauko 'yan ƙwadago sai ya sa hannu, har buhu yake kinkima mu yi ta faɗa. Da ƙyar muka lallaɓa shi zuwa asibiti, likita ya duba ya ce aiki za a yi, aka ba mu Talata mai zuwa. Tumakina biyu na kai Gujungu ranar Lahadi, kasuwa ma ba ta yi kyau ba amma na sayar haka nan, Yaya da ke gadi a Legas ya turo nasa, ƙanwarmu ta kawo kuɗin adashenta. An yi gwajin jini an ce ya isa.

Abin da ya hana ni barci shi ne, shekara huɗu ke nan Baba yana shan wata 'yar ƙwaya fara saboda ciwon gwiwa, Kawunmu mai kemis ne yake ba shi. A jikin takardar an rubuta Prednisolone 5mg. Da nas ta ce daga daren Litinin kar ya ci kar ya sha komai, sai Yaya ya ce a waya gara a tsayar da duk wani magani tun yanzu, jininsa ya wanke kafin aiki. Muka tsayar ranar Laraba. Yau Juma'a ko masallaci bai je ba, jiki ya saki, in ya miƙe jiri, ya yi amai sau biyu, kunu ma ya ƙi shiga. Inna ta ce fargabar wuƙa ce kawai. In mayar masa da ƙwayar ne ko in bari sai bayan aiki?

Maman Ikram: Allah ya ba Baba lafiya. Ni dai abin da zan ce maka ka riƙe ranar nan taka da kyau. Maigidana sau uku ana ɗaga nasa, yau a ce babu wuta, gobe a ce mai allurar barci ya tafi taro, mu kuma kullum sai mun yi shatar mota daga ƙauye. Kuɗin mota ya kusa kamo kuɗin aikin. Ga masu gadi da ke hana mutum shiga da kwanon abinci kamar gidan ubansu.

Alhaji na Kazaure: Yaro, yayanka ya yi daidai. Ni da aka yi min aiki, tun saura mako guda likita ya sa na ajiye asfirin. Ba a shiga tiyata da magani a jiki. Ka dama masa zuma da habbatus sauda a ruwan ɗumi, kasalar za ta sake shi.

Anti Nas: Alhaji, da girmanka, amma wannan karon ba haka ba ne. Asfirin daban, wannan daban. Asfirin ana tsayar wa wasu ne don yana hana jini daskarewa, kuma likita ne ya ce ka tsayar, ba ɗan'uwa a waya ba. Autan Baba, shekara 14 ina aiki a ɗakin tiyata, ka saurare ni. Firednisolon ɗin da Baba ke sha siteroid ne, wato magani mai kwaikwayon wani sinadari da jiki ke yi da kansa. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da take fitar da sinadarin da ake kira kotizol, shi ke riƙe bugun jini da sukari, musamman ranar da jiki ya shiga wuya, kamar zazzaɓi mai zafi ko haɗari ko wuƙar likita. In mutum ya daɗe yana haɗiyar irinsa daga waje, sai waɗannan halittu su kwanta barci. Kamar rijiyar da aka watsar ce don an kawo famfo, ranar da famfo ya ɗauke ka zura guga ka ji ƙasa. Miligiram 5 kullum na wata guda ma ya isa a fara wannan tsoron, balle shekara huɗu. Kuma ba kwana shidan nan na Laraba zuwa Talata suke ɗauka kafin su farka ba, watanni ne. Kasala, jiri in an miƙe, amai, ƙin abinci, duk abin da ka lissafa shi ne abin da muke gani in an yanke shi farat ɗaya, kuma yana iya kai mutum ga suma, yana iya kisa. Ka mayar masa da adadin da ya saba sha yanzu, kuma ku kai shi asibiti yau ɗin nan, ba Litinin ba. In ya amayar da ƙwayar to allura yake buƙata. Amsa min: guda nawa yake sha a rana? Kabar ta yi tauri ko tana ciwo? Yana bayan gida, yana fitar da iska? Kuma likitan ya san da maganin nan?

Autan Baba: Na gode Anti. Biyu da safe, wata rana in gwiwar ta matsa ya ƙara ɗaya da dare. Da damina Kawu kan haɗa masa da wasu 'yan mitsi-mitsi a ƙulle a leda, ban san sunansu ba. Likita bai tambaya ba gaskiya, hawan jini da ciwon suga kawai ya tambaya muka ce babu. Ni ban ɗauke shi wani magani ba, tunda ba na asibiti ba ne.

Anti Nas: Ba na asibiti ba ne amma cikin jiki ya shiga ai. Miligiram 10 zuwa 15 ke nan kullum, ya ninka abin da na ce. 'Yan mitsi-mitsin nan kuma ba zan yi mamaki ba in deksametason ne, ƙanin wannan ne amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka kwashi takardun da ledar gaba ɗaya ka tafi da su. Ba ka amsa min maganar kabar ba, kuma da gangan na tambaya: amai ga mai kaba yana iya zama hanji ne ya maƙale, wannan kuma ba ya jiran Talata.

Ummu Sadiq: Innalillahi, deksa! Ita ce fa a cikin sha-ka-fashe. Ƙanwar kishiyata aka ɗura wa kafin biki wai ta yi ƙiba, fuska ta yi tulu-tulu, ƙafafu kamar sillen kara, ciki da cinya duk nankarwa jajaye. Da ta daina sai da aka kwantar da ita. Har yau uwarta cewa take ni na yi mata baki, tsakani da Allah me na haɗa da ita.

Sani Kemis: Kullum mai kemis ne mai laifi. Wanda ya ce haka ya zo ƙauye ƙarfe biyun dare ya nemo likita mu gani. Tsoho zai zo yana jan ƙafa da naira ɗari biyu, gona na jiransa, me za ka ce masa, ya tafi Dutse ganin likitan ƙashi? Mu ma mun san ba a daɗewa a kai, amma in ka hana shi gaba zai yi ya saya a tebur ranar kasuwa. Shawarata, Auta, ka ba shi ƙwayarsa ya samu ƙarfi, ranar aiki da asuba ya haɗiye biyu da kurɓin ruwa, ka ja bakinka. In ka faɗa ɗaga aikin za su yi.

Autan Baba: Malam Sani ka faɗi abin da ke raina. Kawu ba mugu ba ne, shi ya riƙe Baba da gwiwar nan lokacin da ko salla a zaune yake yi, sau da yawa ma ba ya karɓar ko sisi. Ƙanin Inna ne uwa ɗaya uba ɗaya. In na je na ce shi ya ba shi, aka ce za a rufe masa shago, da wane ido zan kalli Inna? Kuma Yaya hutun mako guda aka ba shi, Lahadi zai taso. In aka ɗaga aiki kuɗin nan narkewa za su yi, kun san gidan yawa.

Anti Nas: Malam Sani, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma ita za ta kashe tsohon mutane. E, mai shan siteroid yakan sha nasa da safen ranar aiki da ɗan ruwa kaɗan, amma da sanin mai allurar barci. Abin da ya sa: biyun nan na ranar zaman lafiya ne. Ranar da aka yanka mutum jiki yana neman fiye da haka, lafiyayye nasa jikin zai ƙaro, Baba nasa ba zai iya ba. In mun sani, kafin a fara sai a yi masa allurar haidirokotizon (kotizol ɗin nan ne a allura) ta jijiya, yawanci miligiram 100, a ci gaba da lura da shi bayan aiki, in da buƙata a ninka masa ƙwayar na kwana ɗaya ko biyu. Allura ce mai araha, ba wani abin tashin hankali ba. In ba mu sani ba fa? Jininsa ya faɗi a kan tebur, mu yi ta ƙarin ruwa muna neman inda jini ke zuba, alhali maganin yana cikin durowa kusa da mu. Ko da allurar baya za a yi masa ba ta barci ba, ita kanta tana saukar da jini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Auta.

Sannan cewar da kuka yi ba shi da suga da hawan jini, yaushe rabon da a gwada? Maganin nan shi kansa yana tada su duka biyun. Yana sa rauni ya yi jinkirin haɗewa, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta, fata ta yi laushi. Mai ɗinki ya kamata ya san irin yadin da aka ba shi, ya san yaushe zai cire zare, ya ja muku kunne kan ɗaukar buhu. Maganar Kawu kuwa, ba wanda ya tambaye ka sunan kowa. Ka ce a kemis yake saya, shi ke nan. Mu ba 'yan sanda ba ne, kuma wallahi ba shi ne na farko da za mu gani a makon nan ba.

Alhaji na Kazaure: To ni dai abin da aka yi min na faɗa. Yanzu kowa likita ne a waya.

Maman Ikram: Anti Nas ki faɗi gaskiya dai, kuna yi wa mutane tsawa. Ni da na ce maigidana ya sha jiƙo, a gaban mutane wata ta ce min baƙauya. Shi ya sa ake ɓoye muku abu.

Anti Nas: Ana yi, ban musa ba, kuma ba daidai ba ne. Amma ya sha tsawar minti biyu ya fi. Ɗagawa kuma ba dole ba ce, in ya koma kan maganinsa jiki ya daidaita, suga bai hau ba, ana iya yi a ranar. Abin da zai jawo ɗagawa shi ne ku kawo shi Talata a galabaice. Raba shi da ƙwayar kuma sai bayan ya warke, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan da lissafin likita, a nemo wa gwiwar wata hanya, don ƙashin ma cinye shi take yi.

Ɗan Maigatari: Kafin a kai ga wuƙa, akwai wani mai magani da ke zuwa kasuwarmu ranar Alhamis, kaba ko ta shekara nawa ce. In kana so in karɓo maka.

Anti Nas: Kaba ɓula ce a bangon ciki, ba jiƙon da ke ɗinke ɓula. Auta, kun tafi?

Autan Baba: Na ba shi biyu da koko bayan la'asar, bai amayar ba, yanzu har ya tashi zaune ya yi magariba yana tambayar ko an ɗaure awaki. Alhamdulillah. Ina ga tunda ya samu sauƙi mu bari sai Litinin, dama ranar za mu kwana can. Mashin ɗin da za mu samu yanzu sai ya caje mu kuɗin dare, hanyar kuma ba kyau. Na kira Yaya ya ce bai yarda da maganar waya ba, wai in bari ya zo Lahadi mu yi shawara da Kawu. In likita ya tambaya zan faɗa, ni ba zan yi masa ƙarya ba.

Anti Nas: Ba zai tambaya ba, kai ka ce bai tambaya ba da farko. Kai za ka faɗa, kuma mai allurar barci za ka nema. Tashin da ya yi zaune shi ne shaidar abin da nake gaya maka. Kar a sake tsallake ko kwana ɗaya, ko Yaya ya ce me. Kuma sau uku ke nan ina tambayarka, kabar ta koma ko tana waje? Ya yi bayan gida yau?

Ummu Sadiq: Ku yi masa a hankali mana, yaro ne, shi kaɗai aka bar wa ɗawainiya. Nima haka 'yan'uwana suka yi min da jinyar Gwaggo, kowa na birni yana ba da umarni a waya.

Sani Kemis: Ai kun gani, ƙwayar da ake zagi ita ta tashe shi.

Maman Ikram: Autan Baba, an kwana biyu shiru. Ya jikin Baban? An shiga aikin kuwa?