"Zumunta a ƙafa take": karin maganar kakata

Jikar Hajiya: Assalamu alaikum. Jiya aka yi sadakar arba'in ta kakata, wadda ta haifi mahaifiyata. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta cika wata biyu a ɗakinta na Katsina ba, in ban da lokacin takaba. Jakarta kullum a shirye take a bayan ƙofa: zani biyu, buta, carbi, ƙullin daddawa da kuka na tsaraba. Kawunnaina in sun ce ta huta, sai ta yi dariya ta ce, "Zumunta a ƙafa take." A wurin zaman makoki na ji wata tana cewa ai Hajiya yawo ne kawai ya shiga jininta. Maganar ta tsaya mini a rai. Shin karin maganar nan ya ba ta gaskiya?

Malamin Hausa: Allah Ya jiƙanta, 'yata. Ƙafa a nan wahala ake nufi: kuɗin mota, rana, ƙura, barin aikin gabanka. Dangantaka haihuwa ke ba da ita, amma zumunta sai an taka. Akwai kuma hadisi a Bukhari da Muslim cewa mai son a yalwata masa arziki, a tsawaita kwanansa, ya sada zumunci.

Baban Yara: Allah Ya gafarta mata. Amma Malam, Bahaushen nan dai shi ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na ga waɗanda suka fake da zumunci suka bar nasu yara ba kulawa. Yanzu kuma ga waya, kana zaune za ka ga fuskar ɗan'uwanka a WhatsApp.

'Yar Maraɗi: Yaya, waya ba ta riƙe wa mai jego jariri ta samu ta runtsa. Mu nan mun san darajar irin su Hajiya. Asalin Maraɗi Katsinawa ne, har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkinmu, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a ƙetare. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, waya ba ta daina aiki ba, amma an yi suna da biki da jana'iza babu 'yan'uwa. A nan muka gane abin da ƙafa take yi.

Baban Yara: Wannan kam na yarda. Ni dai abin da nake cewa, a duba wa ake bari a gida.

Jikar Hajiya: Baba, mu ba ta bar mu ba, da mu take tafiya. Ina 'yar shekara tara ta ɗauke ni zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa, tana ce mini "kishiya, matsa ki ba ni wuri", tana ɓare mini gyaɗa a mota. Sau ɗaya ne na san ta bar fita: takabar kakanmu, wata huɗu da kwana goma. Washegarin fitarta ta ɗauki jaka.

Ranar rasuwarta wata tsohuwa ta iso daga Tasawa, ba wanda ya san ta a cikinmu. Ta ce Hajiya ce ta yi jinyar uwarta da daɗewa. Ta kwana uku a tabarmar Hajiya, da za ta tafi ta roƙi a ba ta butar nan. Mama ta ba ta.