Wa ya ba da lambata bayan na sayi mota?

Baƙon Houston ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga 'yan'uwa da suka riga ni zama a Amurka. Watanni huɗu da suka wuce na sayi mota a wani wurin dillalan motoci, kuma da yake bashi na ɗauka, sai da na cika takarda mai ɗauke da adireshina, lambar wayata da yawan albashina. Ba a yi mako uku ba wasiƙu suka fara cika akwatin gidana, kowacce da jan rubutu a bayan ambulan wai garantin motata ya kusa ƙarewa, alhali ko mai ban canza mata ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sun san samfurin motar da shekarar da aka ƙera ta. Na koma wurin dillalan, manajansu ya rantse mini cewa ba sa sayar da bayanan kowa. Ƙarya yake yi mini, ko kuwa akwai wani hannu a ciki?

Tsohon Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru a ofishin lissafi na wani wurin sayar da motoci, kuma mai yiwuwa ne manajan gaskiya ya faɗa maka iyakar saninsa. Yawancin dillalai ba su ke riƙe da bayananka a kwamfutarsu ba. Hayar manhaja suke yi daga manyan kamfanoni irin su CDK Global da Reynolds and Reynolds, sannan a jikin wannan manhajar ake jona wasu ƙananan 'yan kwangila: mai aika saƙon tunatarwar gyara, mai kula da shafin intanet, mai nemo sababbin masu saye. Kowannensu an buɗe masa ƙofa ya ɗebi abin da yake buƙata, kuma a inda na yi aiki ban taɓa ganin wanda ya zauna ya karanta yarjejeniyar har ƙarshe ba, balle ya duba ko akwai layin da ya ba ɗan kwangila damar amfani da bayanan don kasuwancin kansa.

Idan kana son sanin yadda dillalai suka rataya a wuyan waɗannan kamfanoni, ka tuna Yunin 2024, lokacin da masu kutse suka durƙusar da CDK, wuraren sayar da motoci kusan 15,000 a Amurka da Kanada suka shiga ruɗani, wasu suka koma biro da takarda. Kafin nan, a 2019, hukumar cinikayya ta tarayya, FTC, ta kama kamfanin DealerBuilt, shi ma mai ba dillalai manhaja, da sakaci bayan ya bar bayanan mutum miliyan 12.5 a buɗe ba kariya. Duk da haka ban wanke dillalinka ba. Shi ka miƙa wa takardarka hannu da hannu, amanar a wuyansa take ko da wani ne ya ci ta.

Maman Ikram ta amsa:

Malam Akawu, na yarda da bayaninka, amma kada mu yanke hukunci cewa ta wannan hanyar kaɗai abin ya fita. Ofisoshin rajistar motoci na jihohi ma suna ba da bayanai, domin dokar 1994 da ta kare sirrin direbobi ta bar wasu ƙofofi, kamar na kamfanonin inshora da masu ƙera motoci. Ita kanta motar ma 'yar rahoto ce yanzu. A Maris na 2024 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kamfanin ƙera motoci na General Motors ke miƙa bayanan tuƙin mutane, irin taka birki da ƙarfi da yawan gudu, ga kamfanonin tattara bayanai na LexisNexis da Verisk, su kuma su sayar wa kamfanonin inshora. Akwai waɗanda aka ƙara wa kuɗin inshora ba su san dalili ba. Jihar Texas, inda Baƙon Houston yake zaune, ta kai General Motors kotu a Agustan 2024.

Ni tun daga lokacin duk wasiƙar da ta zo da sunan dillalina ba na buɗe ta, har da wadda daga baya na gane ta gaskiya ce, ta kiran a kawo mota a gyara wata matsala kyauta. Nan ne asarar take, domin dillalin da ya bari ana talla da bayanan mutanensa ya koya musu su daina sauraronsa.

Tsohon Akawu ya ƙara da cewa:

Gaskiyarki, Hajiya. Malam, ka binciko takardun da aka haɗa maka ranar ciniki. Dillalin da ya shirya maka bashi doka tana ɗaukarsa kamar cibiyar hada-hadar kuɗi, don haka wajibi ne ya ba ka sanarwar sirri, shafi ɗaya ko biyu mai jadawali da ke nuna wa yake ba bayananka da kuma inda kake da ikon hanawa. Masu kira a waya da zancen garanti kuwa kada ka ba su lambar katinka, domin a 2023 hukumar sadarwa ta FCC ta ci wani gungunsu tarar kusan dala miliyan 300.

Baƙon Houston ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri. Na samo takardar a aljihun gaban mota, a tsakanin takardar inshora da littafin gyara. A layin da ke magana kan ba wa kamfanonin waje bayanai don talla an rubuta "e", kuma ga sa hannuna a ƙasa, wanda ban ma tuna na yi ba. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan kai wa manajan ya karanta da idonsa.