Ɗana mai jifa ne a besbol: ya huta da hunturu ko ya ci gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Bronx ta birnin New York, kuma ɗana mai shekara 14 shi ne mai jifa (wato mai jefa wa ɗan wasan da ke riƙe da sanda ƙwallo) a ƙungiyar besbol ɗinsu. An rufe kakar wasa a watan Oktoba, amma ya nace sai na sa shi a wani horon hunturu inda ake jifa da ƙwallo mai nauyi don ƙara gudun jifa, alhali kuwa a wasanninsa na ƙarshe nakan ga yana murza cikin gwiwar hannunsa bayan ya sauko daga tudun jifa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, ki kai shi wajen likitan ƙashi, domin a shekarunsa gurunguntsin da ƙashi ke girma ta wurinsa bai gama ƙwari ba, kuma can ne jifa ke fara yi wa illa. Bayan haka, ƙa'idar Pitch Smart da MLB (babbar gasar besbol ta Amurka) da hukumar USA Baseball suka fitar a 2014 ta ce yaro mai shekara 13 zuwa 14 ya bar jifa na aƙalla wata 4 a shekara, 2 zuwa 3 daga ciki a jere, kuma kada ya yi jifa a fiye da zagayen wasa (innings) 100 cikin wata 12. Ba da ka aka tsayar da adadin ba: cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa ta ASMI da ke Birmingham a jihar Alabama ta bi yara masu jifa tsawon shekara 10, ta gano cewa waɗanda suka haura zagaye 100 a shekara sun ninka sauran sau 3.5 wajen haɗarin mummunan rauni.

Amsa ta biyu: Na yarda da Malam, sai dai hutun jifa ba zaman daɓaro ba ne. Ya riƙa jan igiyar roba a hankali don ƙarfafa kafaɗa da allon baya, ya ba cinya da ƙugu haƙƙinsu, tunda daga ƙasa ƙarfin jifa yake tasowa. Idan likita ya ba da izini, ya koma da kaɗan-kaɗan, rana ɗaya jifa rana ɗaya hutu: ya fara daga tazarar ƙafa 45, sannan 60, 90, har 120, ba tare da ya saki dukkan ƙarfinsa ba, kuma duk matakin da ya ji zafi a kansa ya dakata, ya koma na baya. Hawa tudun jifa shi ne na ƙarshe, bayan makonni. Ƙwallo mai nauyi kuwa, ni ban ga dalilinta ba ga yaron da ya riga ya fara kuka da gwiwar hannu.

Amsa ta uku: Yaya, ki kula da wata magana da ke yawo tsakanin yaran, wai tiyatar Tommy John tana ƙara gudun jifa. Dakta Frank Jobe ne ya fara yin ta a 1974, kuma aikinta maye gurbin jijiyar gwiwar hannu da ta tsinke kawai, sannan jinyarta kan ci wata 12 zuwa 18.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan nema masa ganin likita a makon nan, horon kuma na fasa biyan kuɗinsa.