Balan-balan ɗin rage ƙiba ya wuce wa'adi, ina za a cire shi?

Assalamu alaikum. Yayata aka saka wa balan-balan ɗin rage ƙiba a Masar, wanda ake zurawa ta baki a cika shi da ruwan gishiri. An ce kada ya wuce wata 6, ga shi ya wuce. Yanzu fitsarinta ya koma kore, ga amai da murɗar ciki, ko kunu ba ya zama. Dama an gargaɗe mu koren fitsari alamar yoyo ce.

Muna ƙauye wajen Ringim. Wani asibiti da muka je ba su da na'urar leƙa ciki, maganin amai suka ba ta, bai tsaya ba. Wanda ya haɗa mu da likitan kuwa, wayarsa kullum a kashe.

Don Allah, wane asibiti ne a Kano zai iya cire shi ta baki cikin gaggawa?