Tradescantia tawa ta koɗe, me zan yi mata?

Maman 'yan biyu, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata fulawa da ƙanwata ta ba ni, tradescantia zebrina, mai ganyen nan da zane-zanen azurfa a sama, bayansa kuma launin shunayya. Wata 4 ke nan tana falo. Yanzu zanen ya dusashe, rassan sun yi tsawo siriri, gindin duk ya kaɗe ganye. Kullum da safe nake ba ta ruwa. Don Allah a taimaka, ina son ta sosai.

Anti daga Jos: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, duhu ne ya dame ta. Idan ba ta samu haske ba, sai ta riƙa miƙewa tana nemansa, tazarar da ke tsakanin ganye ta yi yawa, launin ya gudu. Ki mayar da ita bakin taga ko baranda inda hantsi ke taɓa ta, amma kada ranar azahar ta dake ta, ganyen ƙonewa yake yi.

Mai lambun fulawa, Kano: Hajiya, ruwan kullum ɗin nan ki daina shi. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ɗaya, in kin ji danshi ki bar ta sai gobe. Tukunyar tana da huda a ƙasa kuwa? Yawancin waɗanda ake kawo mini saiwarsu ce ta ruɓe. Ni ina haɗa ƙasa da yashi da ɗan kashin awaki wanda ya daɗe ya huce.

Maman 'yan biyu: Ikon Allah, babu huda ko ɗaya, malam. To rassan da suka riga suka lalace fa?

Mai lambun fulawa: Yanke su za ki yi, kada ki ji tausayi. Ki yanki kan reshe kamar tsawon yatsa, dab da ƙasan gaɓa, ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa. Daga gaɓar saiwa ke fitowa, sau da yawa cikin mako 1 za ki ga fararen saiwoyi. Sai ki dasa 6 ko 7 a tukunya guda, shi ne ke sa ta cika. Tana tofo ki riƙa tsinke kan da farce, za ta yi rassa. Dama halinta ne, bayan shekara 1 ko 2 gindin yakan tsufa, sabuntawa ake yi.

Yaya daga Maraɗi: Mu nan zafi ya fi naku, don haka na koma wa 'yar uwarta tradescantia pallida, mai dogon ganye shunayya duka. Asalinta Meziko, kuma rana ƙara mata launi take yi. A tsakar gida take har cikin bazara.

Anti daga Jos: Hunturu ma na tafe. In iska ta bushe, ki riƙa duba bayan ganye, akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa kamar ta gizo-gizo. Wanke ganyen da ruwa yana rage su. Sannan ruwan jikinta yana sa wasu ƙaiƙayi, ki wanke hannu bayan yanka, ki rataye ta sama inda 'yan biyu da kyanwa ba za su kai ba.

Maman 'yan biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yanki guda 8, suna cikin kofi a bakin tagar kicin. Gobe in sha Allah zan sa a huda tukunyar.